Matsalar wuta a motar Kunkuru: Yadda ake gano ta da yadda ake gyara ta

Volkswagen Beetle, wadda jama'a suka fi sani da Kunkuru ko Bosuwaja, tana cikin motocin da matsakaitan ma'aikata suka fara mallaka a Najeriya. Kamfanin Volkswagen na Najeriya ya fara harhaɗa ta a masana'antarsa da ke Ojo, kan hanyar Badagry a Legas, a shekarar 1975, daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da hafsoshin soja da 'yan kasuwa suka yi ta saye, har ta shiga kowane lungu na ƙasar nan. An daina ƙera ta kwata-kwata ranar 30 ga Yuli, 2003, a birnin Puebla na ƙasar Meziko, bayan an fitar da fiye da miliyan 21 a duniya.

Wanda ya gaji irin wannan mota a yau, ko ya saye ta don sha'awa, a gari kamar Zuru da ke kudancin Jihar Kebbi, yana fuskantar abu biyu. Na farko, manyan kasuwannin kayan gyara irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas duk suna da nisa. Na biyu, kanikawan da suka tashi da ita sun manyanta, matasan kuwa sun fi sabawa da motocin da ake jona wa kwamfuta ta faɗi ciwonsu. Shi ya sa idan Kunkuru ta ƙi tashi sai a shiga canje-canje, yau a sayi kwayil, gobe a sayi batir, jibi a kwance kafireta, alhali sau da yawa abin da ya lalace bai wuce waya ɗaya da ta yi tsatsa ba, ko ratar da ta tsuke da ƙasa da rabin milimita. Ƙa'idar aikin ita ce a bi wutar daki-daki daga batir zuwa fulogi, a gwada kowane mataki kafin a sayi komai.

Yadda wutar take tafiya

Tsarin wutar Kunkuru tsoho ne. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Charles Kettering ne ya ƙirƙiro shi, aka fara sanya shi a motocin Cadillac a 1910, kuma da shi yawancin motoci suka yi aiki har zuwa shekarun 1970. Kayansa kaɗan ne: batir, makulli, kwayil, distiribita, wayoyi masu kauri guda biyar, da fulogi huɗu.

Idan aka murɗa makulli, wutar batir mai ƙarfin bolt 12 takan je kwayil, wato gwangwanin nan da ke ɗaure a jikin murfin fanka. Kwayil yana da kai uku, kowanne da lambarsa a rubuce. Lamba 15 ita ce mashigar wuta daga makulli. Lamba 1 ita ce mai tafiya zuwa distiribita ta siririyar waya, wadda galibi koriya ce. Lamba 4 ita ce ta tsakiya, inda waya mai kauri take fita.

A cikin distiribita akwai kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa. Sandar tsakiyar distiribita tana da kusurwa huɗu, duk kusurwar da ta zo sai ta ture kwantak ya buɗe. Yayin da yake rufe, wuta tana ratsa kwayil tana tara ƙarfin maganaɗisu. Da zarar ya buɗe sai wannan ƙarfi ya rushe a lokaci guda, ya haifar da wuta mai ƙarfin da ya haura bolt 10,000. Ita ce take fita ta lamba 4, ta shiga tsakiyar murfin distiribita, rota ta raba ta zuwa fulogin da lokacinsa ya yi. Kwandansa kuwa, ɗan gwangwanin da ke manne a gefen distiribita, aikinsa shi ne ya shanye tartsatsin da zai ƙona bakin kwantak, ya kuma taimaka wutar ta yanke da sauri.

Injin mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti yana bukatar tartsatsi 6,000 a mintin, wato 100 a kowace daƙiƙa. Wannan ya nuna dalilin da ya sa ƙaramin kuskure a wurin kwantak yake bayyana nan take a tafiyar mota.

Wani abin lura shi ne, tsofaffin Kunkuru da aka shigo da su kafin 1967, da wasu masu ƙaramin injin 1200 na bayan wannan lokaci, da batir mai bolt 6 suke aiki. Dole a tabbatar da irin wadda ake da ita kafin a sayi kwayil ko ƙwan gwaji.

Kayan aikin da ake bukata

Ba su da yawa, kuma duk za su shiga ƙaramar jaka: ƙwan gwaji mai waya biyu, sukudireba, sifana mai lamba 10 da mai lamba 13, sifanar fulogi, filaya mai roba a hannu, ma'aunin rata mai siraran ganyayen ƙarfe da kanikawa ke kira fila-geji, tsumma mai tsabta, da ɗan giris. Idan da hali, a ƙara da mitar gwajin lantarki irin wadda masu gyaran rediyo ke amfani da ita. Kafin a taɓa komai a ja birkin hannu, a sa giya a firi, a tattare hannun riga, domin bel ɗin fanka yana daf da inda ake aiki.

Tambayar farko: kik yana juya injin?

Idan aka murɗa makulli aka ji shiru, ko aka ji ƙas sau ɗaya, ko injin yana juyawa da ƙyar, to matsalar ba ta kai ga kwayil ba tukuna. A ɗaga kujerar baya, batir yana ƙarƙashinta ta gefen dama. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota tana kashe, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da kimanin bolt 10 ba yayin da kik ke juyawa. A kankare farin garin da ke taruwa a kawunansa, a ɗaure su tamau. A duba wayar da ta haɗa batir da jikin mota, da kuma saƙaƙƙiyar wayar da ke ƙarƙashi wadda ta haɗa akwatin giya da jikin mota, domin idan ta tsinke ko ta yi tsatsa kik ba zai sami isasshiyar wuta ba. A kuma tabbatar kan batir mai alamar + yana da murfi, saboda ƙarafan kujera suna iya taɓa shi idan mai nauyi ya zauna, kuma hakan yana tayar da gobara.

Idan kuwa kik yana juya injin da ƙarfi amma bai kama ba, sai a raba tsakanin mai da wuta. A cire matatar iska, a leƙa bakin kafireta mota tana kashe, a ja totur da hannu. Idan aka ga siririn fetur ya feso, mai yana isowa. Daga nan sai a koma kan wuta.

Bin sawun wutar

A zare waya mai kauri ta tsakiyar murfin distiribita, a bar ɗaya bakin a jikin kwayil. A riƙe ta da filaya mai roba, a kusantar da bakinta ga ƙarfen injin da tazarar kamar milimita 6, nesa da kafireta da tiyon mai. Wani ya murɗa makulli. Abin da ake so a gani shi ne tartsatsi shuɗi mai ƙara, yana fita a jere. Sakamakon wannan gwaji shi ne yake raba aikin gida biyu.

Idan tartsatsin ya fito da ƙarfi, to batir da makulli da kwayil da kwantak duk suna aiki, ciwon yana gaba: murfin distiribita, rota, wayoyin fulogi, ko fulogin kansu. A ɓalle maɗauran murfin guda biyu, a duba cikinsa da kyau. Tsagewa, ko wani siririn baƙin layi kamar zanen fensir tsakanin ƙarafan ciki, alama ce ta cewa wuta ta sami hanyar sata, kuma irin wannan murfi sai canji. A tsakiyarsa akwai ɗan gawayi mai sifirin wanda yake taɓa rota. Idan ya cinye ko ya maƙale, wuta ba za ta wuce ba. Rota ma takan ƙone ta ciki alhali a ido lafiya lau take. Irin ta asali tana nuna kusan om 5,000 a mita tsakanin tsakiyarta da bakinta, idan mita ba ta nuna komai ba ta mutu.

Idan babu tartsatsi, ko ya fito ja-ja marar ƙarfi, sai a ɗauki ƙwan gwaji. A kunna makulli, a sa waya ɗaya a lamba 15, ɗayar a jikin injin. Idan ƙwan bai kama ba, wuta ba ta isowa daga gaba. Injin Kunkuru yana baya, makulli yana gaba, saboda haka wayar tana da tsawo kuma tana da mahaɗai da yawa; a duba bayan makulli da bayan akwatin fiyus, inda bakin waya yakan saki ko ya yi tsatsa. Makullin da ya tsufa yakan ba da wuta idan an kunna shi, amma ya ɗauke ta daidai lokacin da ake murɗa kik, don haka a maimaita gwajin kik yana juyawa.

Idan lamba 15 tana da wuta, a mayar da ƙwan kan lamba 1, a sa a juya injin. Ƙwan da ke ƙyaftawa yana nufin kwantak yana buɗewa yana rufewa yadda ya kamata, zargi ya koma kan kwayil ko kwandansa. Ƙwan da ya kama bai mutu ba yana nufin kwantak ba ya haɗuwa: ko bakinsa ya yi datti, ko ya ƙone, ko siririyar wayar ta tsinke. Ƙwan da bai kama ba sam yana nufin kwantak ba ya buɗewa, ko wayar ta goge tana taɓa jikin distiribita, ko kwandansa ya haɗe ta ciki, ko kuma kwayil ya tsinke.

Kwayil shi ne aka fi ɗora wa laifi, alhali yana cikin kayan da suka fi daɗewa ba su lalace ba. Gwajinsa mai sauƙi ne. A cire wayoyinsa, a auna tsakanin lamba 15 da lamba 1. Na mota mai bolt 12 yana nuna om 3 zuwa 4. Tsakanin lamba 1 da ta tsakiya kuma yana nuna dubban om. A nan akwai kuskuren da ake yawan yi, wato a ɗauko kwayil na wata mota ta zamani a ɗaura don ya yi kama da shi. Irin waɗannan suna da om ƙasa da 2, suna jan wuta fiye da abin da kwantak zai iya ɗauka, sai ya ƙone cikin 'yan kwanaki, mai mota ya yi ta canza kwantak bai san tushen ciwon ba. Haka kuma barin makulli a kunne injin yana kashe, don jin rediyo misali, yana dafa kwayil ya ƙona kwantak.

Kwantak da kwandansa

A nan yawancin matsalolin suke. Kwantak yana da 'yar dunduniya da ke gogar sandar tsakiya, kuma kullum tana cinyewa kaɗan-kaɗan. Gwargwadon cinyewarta, gwargwadon tsukewar ratar, har a wayi gari bai buɗe ba sam. Ratar da ake so ita ce milimita 0.4.

Yadda ake saita ta: a cire murfi da rota, a juya injin da hannu ta wurin notin fulin janareta har dunduniyar ta hau kan tsinin ɗaya daga cikin kusurwoyin nan huɗu, wato inda kwantak ya buɗe iyakar buɗewarsa. A sassauta sukurun da ke riƙe da shi, a zura ganyen fila-geji mai 0.4, a matsa har ganyen ya riƙa shiga da 'yar turjiya, sannan a ɗaure. A sake aunawa bayan ɗaurewa, domin yakan goce. Mai mitar auna kusurwar rufewar kwantak zai nemi digiri 44 zuwa 50.

Ganyen awon ya zama ba shi da maiƙo. Bayan an gama a ja farar takarda mai tsabta tsakanin bakunan biyu, domin ɗigon mai guda yana hana wuta wucewa. A shafa giris kamar ƙwayar gero a jikin sandar, ba a bakin kwantak ba. Idan akwai ɗan auduga a cikin kan sandar ƙarƙashin rota, a ɗiga mata baƙin mai ɗigo ɗaya ko biyu.

Bakin kwantak yana ba da labarin kwandansa. Toka-toka mai santsi lafiya ce. Idan ya yi shuɗi, ko gefe ɗaya ya yi rami ɗayan ya yi tsini cikin ɗan lokaci, to kwandansa ya gaza ko kwayil bai dace ba. Kwandansa mai ciwo yakan yi aiki da sanyin safiya, ya fara tsallake bugu idan injin ya yi zafi. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce a ɗaura wani da aka san yana aiki. Saboda sababbin da ke kasuwa ba duka ne masu inganci ba, kada a yar da tsohon da bai nuna wata alamar lalacewa ba, a ajiye shi cikin mota.

Fulogi da jerin wayoyi

Kan silindar Kunkuru na alminiyom ne, kuma zaren alminiyom ba ya jure ganganci. A kwance fulogi injin yana da sanyi, a fara ɗaura shi da hannu zagaye uku ko huɗu kafin a sa sifana, kada kuma a matse shi da ƙarfin tsiya. Yawancin waɗannan injuna gajeren fulogi suke ɗauka, mai zare milimita 14 a faɗi da kimanin milimita 12.7 a tsawo, irin su Bosch W8AC da NGK B5HS. Dogon fulogi yana leƙawa cikin silinda, zarensa ya tara gawayi, ranar kwance shi ya taho da zaren kan injin. Ratar bakin fulogi milimita 0.6 ce zuwa 0.7.

Launin bakinsa yana da ma'ana. Ruwan ƙasa mai haske yana nuna komai daidai. Baƙi mai bushewa kamar kunkunniya yana nuna mai ya yi yawa, ko cok ya maƙale, ko wuta ba ta da ƙarfi. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai yana haurowa, wannan ciwon injin ne. Fari fat yana nuna zafi ya yi yawa, kuma shi ne mafi haɗari. A jera su huɗun bisa lambar silindarsu, wanda ya bambanta da 'yan'uwansa shi ne yake nuna inda ciwon yake.

Kowace wayar fulogi tana da wata roba mai faɗi da ke toshe ramin da ke jikin kwanon injin. Wasu suna ɗaukar ta ado ce su yar. Ita ce take hana iskar da fanka ke turowa tserewa, kuma injin da iska kaɗai ke sanyaya shi ba ya da wata madogara idan iskar ta zube.

Idan mutum ya tsaya a bayan mota yana fuskantar gabanta, silinda ta 1 tana dama ta wajen gaba, ta 2 tana dama ta wajensa, ta 3 tana hagu ta wajen gaba, ta 4 tana hagu ta wajensa. Jerin bugun shi ne 1-4-3-2. A bakin jikin distiribita akwai ɗan tsagi da ke nuna wurin silinda ta 1. Daga nan ake jera wayoyin a kan murfi ta yadda hannun agogo ke tafiya, domin haka rota ke juyawa. Motar da ta fara harbi ta salansa ko tari ta kafireta nan da nan bayan an yi mata aiki, a fara duba wannan jeri.

Saita taimin

Taimin shi ne daidai lokacin da tartsatsin ke fita. Dole ya fita jim kaɗan kafin fistin ya kai ƙololuwar matsarsa, domin fetur yana bukatar lokaci kafin ya kama sosai. Idan ya yi jinkiri, mota takan yi nauyi, ta sha mai, ta yi zafi. Idan ya yi gaggawa, akan ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani sa'ad da ake hawan tudu, kuma wannan ƙara tana iya huda fistin ko ta ƙona bawul. Kunkuru ba ta da lagireto balle ruwa ya tafasa ya yi gargaɗi, sai dai a ji injin ya tsaya. Saboda haka saita taimin da kunne, kamar yadda wasu ke yi, caca ce da injin gaba ɗaya.

Ana saita kwantak kafin taimin, ba a juya wannan tsari, domin duk canjin da aka yi wa ratar kwantak yana matsar da taimin. A juya injin har rota ta fuskanci tsagin silinda ta 1, alamar da ke bakin babban fuli na ƙasa kuma ta yi daidai da tsagar da ta raba jikin injin gida biyu. A sa ƙwan gwaji tsakanin lamba 1 da jikin injin, a kunna makulli, a sassauta notin maɗaurin distiribita da sifana 10. A juya jikin distiribita ta hanyar hannun agogo har ƙwan ya mutu, sannan a dawo da shi a hankali har daidai inda ƙwan ya kama. A nan za a ɗaure.

Yawancin distiribitocin da ake samu a waɗannan motoci ana saita su ne a digiri 7.5 kafin ƙololuwa, wanda a fuli na asali ya kama kimanin milimita 11 dama da alamar ƙololuwa. Amma akwai masu tiyo biyu da ake saitawa a digiri 5 bayan ƙololuwa, kuma motar da ta shekara 40 ko 50 mai yiwuwa ne an canza mata fuli ko distiribita. Don haka a karanta lambar da ke jikin distiribitan, a kuma tabbatar wace alama ce ta ƙololuwa a kan fulin. Ga distiribitan Bosch da ake kira 009, wanda ba shi da tiyo, abin da aka fi dogara da shi shi ne fitilar taimin: a kai injin juyi 3,000 zuwa sama, a tabbatar bai wuce digiri 28 zuwa 32 ba.

Distiribita yana ƙara gaggauta tartsatsi da kansa idan gudu ya ƙaru. A gwada wannan ta hanyar murɗa rota da hannu: idan irin mai ƙarafan nauyi ne a ciki, za ta ɗan motsa ta dawo da kanta. Idan mai tiyo ne, a zuƙi tiyon da baki, farantin da kwantak ke kai ya motsa ya tsaya har sai an saki. Wanda bai motsa ba robar cikinsa ta fashe, motar za ta riƙa shaƙewa duk lokacin da aka taka totur.

Abubuwan da ke kama da matsalar wuta

A jikin kafireta akwai wani ɗan ƙarfe mai waya da ke yanke mai idan an kashe mota, kuma daga lamba 15 ta kwayil yake samun wuta, shi da cok. Idan wayarsa ta zare, mota za ta tashi amma ta mutu da zarar an ɗaga ƙafa daga totur, ba ta tsayawa a silo. Idan kuma wayar ta faɗi ta taɓa ƙarfe, za ta iya ɗauke wutar kwayil ko ta ƙone, domin wannan layi ba shi da fiyus.

Bawul da ya matse yana kawo wahalar tashi da ɗingishi, kamar dai fulogi ya mutu. Ratarsa milimita 0.15 ce, kuma injin yana da sanyi ake aunawa. Motar da ta yi tafiya cikin rana aka kashe ta, ta ƙi tashi sai bayan rabin awa, tana iya zama kwayil ko kwandansa, tana kuma iya zama fetur ne ya tafasa a cikin tiyo. Gwajin tartsatsi a daidai lokacin da ta ƙi tashin shi ne zai raba gardama. Gurɓataccen fetur, musamman wanda ya daɗe a jarka ko ya haɗu da ruwa, shi ma yana sa fizga.

Jan ƙwan caji da ya kama ana cikin tafiya ba abin da za a ce sai an isa gida ba ne. Bel ɗin da ke juya janareta shi ne yake juya fanka, idan ya tsinke injin zai ƙone cikin 'yan mintoci. A tsaya nan take a duba.

Yanayin ƙasar Zuru

Kudancin Kebbi ya fi arewacinta samun ruwan sama, kuma ƙasa ce mai duwatsu da tuddai. Da damina raɓa takan kwanta cikin murfin distiribita, mota ta ƙi tashi da safe alhali jiya lafiya aka ajiye ta. A goge cikin murfin da busasshen tsumma kafin a zargi wani abu. Da dare, idan aka buɗe murfin injin yana aiki aka ga shuɗin tartsatsi yana wasa a jikin wayoyi, sun tsufa suna zubar da wuta. Da hunturu ƙura takan haɗu da giris ta zama kamar samfefa, ta cinye dunduniyar kwantak da wuri, saboda haka a riƙa auna ratar fiye da yadda aka saba. Da bazara kuwa, a watannin Maris da Afrilu, taimin da ya yi gaggawa ya fi yin ɓarna, musamman a hawan tudu da kaya. Girgizar hanya ma tana sassauta bakunan wayoyi. Mai shirin bin hanyar Rijau zuwa Kontagora, ko ta Dabai da Mahuta zuwa Koko, ya bi kowane bakin waya ya matse shi tun yana gida, ba a fafe gora ranar tafiya.

A duba tiyon mai duk lokacin da aka buɗe injin, domin yana wucewa kusa da distiribita. Tiyon da ya tsattsage, ko bututun tagulla da ya fara sassautawa a jikin kafireta, shi ne sanadin yawancin gobarar da ke cin waɗannan motoci.

Kulawa da guzuri

Ƙa'idar kamfanin ita ce a canza baƙin mai duk bayan kilomita 5,000, lita biyu da rabi, a duba bawul da kwantak da taimin duk bayan kilomita 10,000, a canza fulogi a kimanin kilomita 20,000. A wurin da ƙura ta yi yawa gara a rage wannan tazara.

Akwai na'urar lantarki da ake sanyawa a gurbin kwantak, irin ta kamfanin Pertronix, wadda ba ta cinyewa kuma ba ta bukatar saiti. Tana bukatar kwayil mai om 3 zuwa sama, tana ƙonewa nan take idan aka juya wayoyinta, kuma idan ta mutu a hanya ba ta gyaruwa. Wanda ya sa ta ya ajiye tsohon kwantak da kwandansa da sukurorinsu cikin mota.

Guzurin da ya kamata ya zauna a motar kullum shi ne kwantak, kwandansa, rota, fulogi biyu, bel ɗin fanka, ɗan guntun waya da ƙwan gwaji. A kuma rubuta waɗannan lambobi a takarda a manna cikin murfin injin: kwantak 0.4, fulogi 0.6 zuwa 0.7, bawul 0.15, jerin bugu 1-4-3-2, tare da lambar distiribita da digirin taiminsa. Duk bakaniken da aka kai wa motar, tsoho ko yaro, a nemi ya nuna abin da ya auna kafin ya rubuta abin da za a sayo, kuma a canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu.